Sunan da Ba a Kira a Gaban Dutse

Zabhan, gindin Hairhan
Wata na biyar, ranar 11, 2003

Jikata Tungalag,

Kina lafiya? Mahaifiyarki da ƙannenki sun fita hunturu lafiya? Mu ma mun fita, ko da yake da ƙyar. Tumaki sun haihu, bakwai daga cikin 'ya'yan ba su yi rai ba, awaki kuwa kin san su, ba abin da ke kashe su sai wuƙa. Ciyawa ce har yanzu ba ta leƙo ba. Ni ina nan, maƙogwaro ne kawai yake yi mini ƙaiƙayi tun bikin sabuwar shekara na Farin Wata. Tsufa ne.

Wataƙila ki juya takardar nan kina tambayar wane Jamsran kuma. Ni ne tsohon nan mai sa albarka a bukukuwa, wanda ni da kakanki na wajen uba muke 'yan maza zar. Ni na fara sa almakashi a gashinki ranar askinki na fari, kina shekara huɗu, kika gantsara mini cizo a babban yatsa. Tun ranar nake ce miki 'yar akuya. Tun da zud, mugun hunturun nan, ya share muku garke ya kore ku birni, ban rubuto ba. Da labarin rasuwar babanki ya zo bara na kunna masa fitilar man shanu har kwana arba'in da tara, amma alƙalami ya yi mini nauyi. Laifina ne, na ɗauka.

Ga abin da ya sa na ɗaga shi yau. Direba Pureb ya zo mana da kaset daga birni, na waƙar nan taku ta hip-hop, samarinmu kuwa suka haukace. Wanduna kamar buhun gari, hula ta kalli ƙeya. Har Sambu, wanda zai auri jikata Norjma, yana tafiya kamar wanda doki ya harba a ƙugu, yana wurga hannu a iska. Na ce masa, "Kai, ƙuda kake kora?" Ya ce, "Kaka, ba za ka gane ba, zo dai ka ji." Ya ja ni wajen motar ya kunna. Sai ga muryar mace tana zubo magana ba tsayawa. Ya ce, "Ka gane ta? 'Yar gidan Batnasan ce, jininka."

Ba zan ɓoye miki ba, da farko daɗi na ji. Kin faɗi yadda tumaki suka daskare a tsaye, da yadda maza suka riƙa fita bayan garke don kada mata su ga hawayensu. Babu ƙarya ko ɗaya. Sai aka zo amshi, na ji kin kira sunan dutsenmu. Sunansa na gaskiya, ɓaro-ɓaro, har sau huɗu, ga motar tana tsaye a gabansa ƙofofi a buɗe. Ban san lokacin da na cire hulata ba.

'Yar akuya, kin sani ba a kiran sunansa inda yake ganin mutum. Hairhan muke cewa, Abin Ƙauna, kamar yadda matar kirki ba ta kama sunan surukinta. Yanzu masu kiwo suna rera shi a gindinsa tun safe har yamma. Ruwa bai sauka ba. Tsohuwa Dolgor tana bin gida-gida tana cewa 'yar Batnasan ta fusata dutse, wai ko kun dawo ba wanda zai ba ku wurin kafa turke. Jiya ta tsare ni a bakin rijiya ta ce, "Jamsran, bakinka na sa albarka, bakin jikarka na jawo fari. Ku wane irin dangi ne?"

Ina son in ji daga gare ki kafin in amsa mata. Me dutsen ya yi miki? Ki faɗa mini, ba faɗa nake yi ba.

Ga busasshen cuku nan cikin jaka, na hannun Norjma ne. Kada ki cinye ke kaɗai.

Kakanki,
Jamsran

*

Ulanbatar, unguwar kan tudu
Wata na biyar, ranar 29

Kaka,

Ina gaishe ka da hannu biyu. Dabbobi sun fara murmurewa? Muna lafiya. Inna tana aiki a masaƙar ulu, ni ina sayar da takalma a kasuwa, ƙannena suna makaranta. Cukun ya iso. Inna ta sa ɗaya a baki, ta juya mana baya, ta daɗe tana gyaran murhun da ba abin da ya same shi. Ban manta da kai ba. Yatsan ma ina tune da shi, gishiri gare shi.

Ka tambaye ni, zan faɗa maka ko da ranka zai ɓaci.

Ranar da muka taso muna bayan babbar mota, ger ɗinmu, tantin da muke zama ciki, a naɗe, sandunansa da bargunansa a ɗaure ƙarƙashinmu, ga tumaki goma sha ɗaya da suka rage daga ɗari huɗu. Baba yana ta kallon baya. Da muka haye mashigar tsauni Hairhan ya ɓace, sai na ji Baba ya kira sunan da ƙarfi, kamar mai kiran wanda ya ɓata a daji. Shekarata goma sha tara ban taɓa jin sa a bakinsa ba. Inna ta ce, "Haba, rufa mana asiri!" Ya ce, "Ai ba ya ganina yanzu." A nan birni bai samu aikin da ya wuce dakon kwal ba, hayaƙi ya cinye masa ƙirji. A gadon asibiti ba sunana ya kira ba, ba na Inna ba. Wannan sunan ya yi ta maimaitawa har ya yi shiru.

Ka san yadda ake kallonmu a nan? In na shiga bas, 'yan matan benaye su toshe hanci su ce, "'Yan ƙauye sun iso da warin tumakinsu." Shekara guda na yi ina magana ƙasa-ƙasa don kada a ji harshen yamma a bakina. Wata rana ina layin ɗiban ruwa da kurar jarkokina, na ji wasu samari biyu a jikin katanga, ɗaya yana kiɗa da baki, ɗaya yana zuba gambara. Ba soyayya suke waƙewa ba, ba furanni ba. Hayaƙi suke faɗa, da layin ruwan da muke tsaye a ciki, da uban da kwalba ta ƙwace. Na ce, "Ashe ana sa irin wannan a waƙa?" Suka ce baƙaƙen fatar Amurka ne suka fara, mutanen da aka ture bayan gari kamar mu, kuma dokar farko ita ce ka faɗi inda ka fito, da sunansa, ba kunya. Kowannensu yana kiran unguwarsa. Ni wace unguwa gare ni, Kaka? Dutse gare ni.

Na yi tunani kafin in sa shi. Tsakanina da shi tafiyar kwana uku ce a mota, ba ya ganina, ban karya doka ba. Abin da ban yi tunani ba shi ne kaset yana da ƙafa. Na rantse maka ban taɓa kawowa a raina zai hau motar Pureb ya je ya tsaya a gabansa ba.

Amma ba zan yi maka ƙarya ba, akwai fushi a ciki. Shekara ashirin Inna tana watsa masa madarar farko kowace safiya da cokalin nan mai ido tara, shi kuwa ya tsaya yana kallo dabbobinmu suna mutuwa. Ranar tashi ta yi jifa da cokalin cikin ƙanƙara. Ina kewarsa, ina jin haushinsa, kuma ban san yadda ake raba biyun ba.

Da ma ka ga abin da ke faruwa in na yi waƙar a dandali. Duk 'yan unguwannin kan tudu ne, waɗanda zud ya koro. In na kira nawa dutsen sai kowa ya ɗaga hannu ya kira nasa, wani kogi, wani rijiya. Wani dattijo mai gadi ya kama hannuna yana hawaye ya ce, "'Yata, shekara uku ban faɗa wa kowa daga inda nake ba."

Duk da haka ban so a tsare ka a bakin rijiya saboda ni ba. Kuma maganar turken nan ta hana ni sukuni. Kullum Inna cewa take in ƙannena sun gama makaranta gida za ta koma, a gindin Hairhan take son ta tsufa. Ban karanta mata wannan layin ba. In na rufe mata ƙofar gida da bakina, da wane ido zan kalle ta?

Na san ana bikin girmama dutse a wata na shida. In zo? Zan tsaya a gindinsa tare da mata in ba da haƙuri, Dolgor ta faɗa mini abin da za ta faɗa a idona. Ka ce in zo kawai.

Ka riƙa shan madara mai zafi da man shanu saboda maƙogwaron.

'Yar akuyarka,
Tungalag

*

Wata na shida, ranar 12

Tungalag,

Muna lafiya. Takardarki ta iso, na karanta. Kada ki zo bikin dutse. Pureb yana jira, mota a kunne.

Jamsran

*

Ulanbatar
Wata na shida, ranar 24

Kaka,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, tunda haka ake fara takarda.

Na juya taka na duba bayanta, na leƙa cikin ambulan, na girgiza shi. Layi biyu. Babu jikata, babu 'yar akuya, babu ko kalma ɗaya a kan Baba. Na buɗe maka cikina yadda ban taɓa buɗe wa kowa ba, kai kuma motar Pureb ce ta dame ka. Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na gane. Ka auna ni da Dolgor, ta fi ni nauyi. Ba laifi, da ita kake shan rijiya ɗaya.

Na faɗa wa abokan waƙata ba zan ƙara yin wannan waƙar ba. Ɗaya ya ce, "Ke fa da ita aka san ki, kin yi hauka?" Na je gidan rediyo na roƙi su daina sa ta, mutumin ya yi dariya har da buga tebur ya ce, "Yarinya, an kwafe ta a kowace rumfa a kasuwa. Je ki kamo iska." Magana zarar bunu ce, na sani yanzu, ba sai an ƙara koya mini ba.

Ka gaya wa Dolgor ta kwantar da hankalinta, ba za mu zo neman wurin turke ba. Yadda zan faɗa wa Inna ne ban sani ba tukuna. Jiya ma sai da ta ce in tambaye ka ko wurinmu na hunturu yana nan, na ce mata na manta.

Ba sai ka amsa ba.

Tungalag

*

Ulanbatar
Wata na takwas, ranar 3

Kakana,

Kana raye? Ka amsa mini wannan kawai.

Na ce ba sai ka amsa ba, amma kullum ina leƙa wajen da motocin Zabhan ke tsayawa. Yau na ga Pureb yana cin abinci a rumfa, na ɗauke kai zan wuce, ya ce, "Ke, 'yar Batnasan, ba ki tambayi tsohon naki ba?" Na ce tsohon ya sallame ni. Ya ajiye cokali ya ce, "Ya sallame ki? Ranar da ya ba ni takardar nan ai shi na ɗauka zuwa asibitin Uliyastai. A kan gwiwarsa ya rubuta ta, yana tofar da jini a ƙyalle. Likitoci sun yanka masa wuya, yarinya."

Kaka, ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Kana tofar da jini ni ina nan ina ƙirga layuka. In takardata ta biyu ta same ka, ka jefa ta a murhu. Ka yafe mini. In ba ka iya rubutu, Norjma ta rubuto, ko da kalma ɗaya ce.

'Yar akuyarka, mai kan akuya

*

Zabhan
Wata na takwas, ranar 15

'Yar akuya,

Ina raye. Dabbobi sun yi ƙiba, ruwa ya sauka a wata na bakwai, ciyawa har gwiwar doki. Masu kiwo kuwa ba su daina waƙarki ba ko rana ɗaya, ruwan bai tambaye su ba. Dolgor ta ce addu'ar lama, malamin addininmu, ce ta rinjayi bakinki. Ban yi mata musu ba, ba ni da abin yin musun.

Takardunki biyu na same su tare da na dawo. Ta fushin ban ƙone ta ba, ta fi daɗin karatu. Kakanki na wajen uba ma haka yake, ya yi tsawa kafin ya ga hadari. Na ce kada ki zo ne don na san ba zan kasance a wurin ba, kuma ban yarda ki tsaya gaban mutane masu zafin rai ba tare da wani naki a gefenki ba. Da na rubuta haka, da ban sa ki kuka ba. Shekara hamsin ina magana mai tsawo a bukukuwan mutane, ranar da ya kamata in tsawaita na gajarta.

Sun cire abin da ke cikin maƙogwaron, muryar ta bi shi. Abin da ya rage raɗa ce, sai mutum ya kawo kunnensa kusa da bakina. Ko kare ba ya juyowa in na kira shi.

A asibiti Sambu ya bar mini rediyonsa mai kaset, ni kuwa ba abin yi, na yi ta juya waƙarki. Da kunnen sana'a na saurare ta. Na bi numfashinki: kina jera layi takwas kafin ki shaƙa, ni a ƙuruciyata shida nake yi. Ba kya haɗiye ƙarshen kalma. Kina sanin inda za ki taka da ƙarfi da inda za ki sassauta. Wannan ba a Amurka kika samo shi ba, su dai sun buɗe miki baki ne, na gode musu. Kakan babanki da wannan numfashin yake sa albarka, a wurinsa na koya.

Ga maganar. Ranar goma sha bakwai ga wata na tara za a kafa wa Norjma da Sambu sabon ger. Na sa wa gidaje fiye da ɗari biyu albarka a ƙasar nan, na jikata ne ba zan iya ba. 'Ya'yana maza in sun buɗe baki a taro kamar suna tauna ulu. Baitukan kuwa ba a rubuce suke ba, daga baki zuwa kunne suke tafiya, kuma in na tafi da su sun tafi. Ki zo kwana goma kafin bikin, ki kawo kunnenki. Ke za ki riƙe ƙoƙon azurfa da shuɗin ƙyallen hadag, ke za ki tsaya.

Na san abin da za a ce. Mace ce, yarinya ce, kuma ita ce ta kira sunan. Duk na ji su tun kafin a faɗa, na ce musu wanda yake da numfashin layi takwas ya fito. Ba wanda ya fito.

Sharaɗi ɗaya ne. Bakin da zai sa albarka ba ya zuwa da rigima a bayansa. Safiyar da kika iso, kafin ki sha shayin kowa, za ki watsa wa Hairhan madara. Ba sai kin ce kin daina fushi ba, shi ma ya san abin da ya faru a hunturun nan. Ki gaishe shi kawai. Kada ki damu da cokali. Da ƙanƙara ta narke a shekarar da kuka tafi na je tsohon wurinku, na tsinci na mahaifiyarki a cikin laka. Yana rataye a ger ɗina, na shafa masa mai.

Kakanki

*

Ulanbatar
Wata na takwas, ranar 27

Kakana,

Sannu da jiki, sannu, sannu. Muna lafiya. Na karanta wa Inna takardarka duka, har da abin da na ɓoye mata tun wata na biyar. Na zaci za ta mare ni. Da na zo wajen cokali sai ta rufe fuska da gefen rigarta. Da ta buɗe ta ce, "Ke da ubanki duk bakinku ɗaya. Tashi ki auna, ba za ki tsaya gaban mutane da wandon buhu ba." Tana ɗinka mini riga mai ruwan sararin sama.

Tsoro nake ji, Kaka. Na tsaya gaban mutum ɗari biyar ban ji komai ba, amma idon Dolgor ya fi su duka ba ni tsoro. In na yi tuntuɓe a tsakiyar albarkar gidan Norjma fa? Waƙa in ta lalace a sake ta, wannan kuwa sau ɗaya ce. Amma zan zo. Zumunta a ƙafa take.

Ga wani abu cikin ambulan, ka ba Sambu. Na koma wajen abokaina mun sake ɗaukar waƙar. Da farko na gwada sa Hairhan a wurin sunan, sai na ji kamar na yi wa Baba gyaran magana. Don haka na bar wurin fayau. Kiɗa yana tafiya, ni na yi shiru, bugu huɗu, sannan in ci gaba. Mai haɗa mana kiɗa ya ce, "Wannan ai rami ne, mutane za su ce kaset ya lalace." Na ce a bar shi.

Ranar Asabar na gwada ta a dandali. Da na zo wurin na rufe baki na miƙa musu makirufo. Kaka, sai da rufin ya amsa. Kowa ya kira nasa, sunaye ɗari a lokaci ɗaya, ba ka iya tsince ko ɗaya. Ni na kira nawa a zuci. Ban san yadda za ta kaya a wajenku ba. Wanda ya riga ya haddace tsohuwar ba zan iya toshe masa baki ba, iyakar abin da na iya ke nan.

Ranar bakwai ga wata zan iso tare da Pureb. Ka ce wa Norjma ta tatso mini madarar.

'Yar akuyarka

*

Zabhan, gindin Hairhan
Wata na goma, ranar 20

Jikata, mai sa albarka,

Kin isa lafiya? Mahaifiyarki fa? Mun sauka wurin hunturu, ƙanƙarar fari ta zuba, dabbobi suna da kitsen da zai kai su. Gidan Norjma yana hayaƙi, Sambu ya koma wando irin na mutane saboda sanyi, hular dai har yanzu ƙeya take kallo.

Kin tafi kina tambayata ko kin yi daidai, ni kuwa raɗata ba ta iya ratsa hayaniyar biki. Kuma tun daga baitin farko har na ƙarshe idonki a rufe yake, don haka bari in faɗa miki abin da ba ki gani ba.

Kika ɗaga ƙoƙon madara a kan ƙyallen. Dolgor tana zaune ɓangaren mata, ta haɗe rai, ta ƙi karɓar shayi. Kika fara, "Ƙofarku ta kalli kudu, baƙo ya sauka da murna. Murhunku kada ya huce, turkenku kada ya rasa doki." A hankali kika fara yadda na koya miki, sai a tsakiya ƙafarki ta soma taka ƙasa, kika ƙara sauri. Samari suka fara gyaɗa kai. Na waiwaya in harare su, sai na ga tsofaffin ma kansu yana tafiya. Sannan kika ƙara abin da ban koya miki ba, kika ce, "Wanda hunturu ya kora, wannan ƙofa ta san shi. In ya dawo da garke ko ya dawo da hannu, a ce masa shigo." Akwai mutum uku a ɗakin da 'ya'yansu ke unguwanninku na kan tudu. Na ga sun kai hannun riga suna share ido.

Da kika gama, kowa ya tsaya jiran wanda zai fara amsawa. Dolgor ce ta fara. Da ƙarfi ta ce, "Albarka ta tabbata!" sannan sauran suka bi. Shekaranjiya ta zo aron gishiri ta ce mini, "Sauri ya yi mata yawa, amma ba ta yi tuntuɓe ba. Ka gaya wa uwarta wurinsu na hunturu yana nan, ba wanda ya kafa a kai." Ki karanta wa mahaifiyarki wannan layin sau biyu.

Sabon kaset ɗinki ya kori tsohon, don samari ba sa son a ce suna jin tsohon yayi. Na tsaya na ga yadda suke yi. In aka zo wurin da kika bari fayau ba wanda yake cewa komai, sai dai su ɗaga kai su kalli dutsen, bugu huɗu, su ci gaba. Ba wanda ya koya musu.

Saura magana ɗaya, wadda na kasa faɗa miki ko da raɗa, don kunya. Shekarata saba'in da huɗu, ban taɓa yin nisan da ba na ganin Hairhan ba sai da aka kai ni asibitin nan. Ta taga ba abin da nake gani sai katangar wani ɗakin ajiya. Safiyar da za a yi mini aiki likita ya ce, "Baba, mai yiwuwa muryar ba za ta dawo ba. In akwai abin da kake son faɗa, ka faɗa yanzu." Ina da baituka dubu a kaina. Ina da 'ya'ya da jikoki, da matata da ta riga ni. Na buɗe baki in zaɓi ɗaya, sai na ji na kira sunan. Da ƙarfi na kira shi, 'yar akuya, har ma'aikaciyar jinya ta saki tire. Shi ne abu na ƙarshe da na faɗa da muryata, kuma ban yi nadama ba.

Don haka babanki bai yi laifi ba, ke ma ba ki yi ba. Ni ne ban taɓa yin nisa ba.

Ƙoƙon azurfa da hadag suna cikin jakar nan, ƙarƙashin cuku. A unguwarku ma ana kafa gidaje, kuma na ji ba mai sa musu albarka.

Kakanki,
Jamsran